Kurakuran da Ake Yi Wajen Saya wa Motar da Aka Ɗaga Manyan Tayoyi

Duk wanda ya ɗaga Hilux ko Land Cruiser ɗinsa domin ta riƙa shiga ƙauyuka da gonakin fadama, abu na gaba da ke zuwa masa a rai shi ne manyan tayoyi, kuma a nan ne mafi yawan kuɗi ke salwanta. Mai mota yakan tsaya gaban shago ya dubi girman taya da zurfin zanenta, alhali amsar da yake nema tana rubuce a gefenta, cikin haruffa da lambobin da mutane kaɗan ne ke sunkuyawa su karanta.

Kuskure mafi girma a Sakkwato shi ne sayen tayar da aka ƙera domin ƙasashen dusar ƙanƙara. Da yawa daga cikin tayoyi 'yan Kwatano da ke shigowa kasuwanninmu an cire su ne daga motocin Turai da Kanada bayan hunturunsu ya wuce, kuma sukan zo da zane mai kyau wanda ke jan ido. Mai shago zai ce, "Alhaji, duba ka gani, ko rabi ba ta ci ba," kuma ba ƙarya ya yi ba. Matsalar tana cikin robar kanta. An haɗa ta ne ta zauna da laushi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, domin ta kama titi mai ƙanƙara, amma a garin da zafin watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba, wannan laushin yakan zama illa: tayar tana cinyewa da sauri, motar tana lilo a kwana, birki kuma yana buƙatar tazara mai tsawo kafin ya tsayar da ita. Wasu sukan ce ai mu ma muna da hunturu. Sanyin Disamba da Janairu a nan na asuba ne da dare, kuma kafin azahar titin Illela ko na Tambuwal ya riga ya ɗumama, don haka babu wata a shekara da tayar ƙanƙara ke da amfani a ƙasar nan.

Gane ta ba shi da wuya. A sa yatsa a kan zanen, za a ji ɗaruruwan ƙananan tsage-tsage masu karkace a kan kowane tudu na roba, kuma farce yakan nutse cikinta cikin sauƙi. Wasu suna da ƙananan ramuka a jere inda aka cire ƙusoshin da ke kama ƙanƙara. Sunaye irin su Blizzak na Bridgestone, X-Ice na Michelin da Hakkapeliitta na Nokian duk na wannan rukuni ne. Akwai kuma hoton dutse mai tsini uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, sai dai a yi hattara, domin wasu tayoyin kowace-hanya masu ƙarfi, wato waɗanda aka yi domin kwalta da hanyar ƙasa duka, kamar BFGoodrich KO2, su ma suna ɗauke da wannan hoton, kuma ba su da laifi a zafinmu. Saboda haka hoton kaɗai bai isa yanke hukunci ba, sai an haɗa da suna da yanayin robar.

Daga nan sai zancen girma, inda sha'awa kan rinjayi lissafi. Lambar 265/65R17 da ke kan Hilux da yawa tana nufin faɗin milimita 265, tsayin gefe kashi 65 cikin ɗari na faɗin, da rim mai inci 17, wanda ya sa tsayin tayar gaba ɗaya ya kai kusan inci 30.6. Wanda ya koma 285/70R17 ya hau kusan inci 32.7, wanda kuma ya ɗora mai inci 35 ya ƙara kusan kashi 14 cikin ɗari. Ma'anar wannan ita ce lokacin da agogon gudu ke nuna kilomita 100, motar tana kusa da 114, direba bai sani ba, ga taya mai nauyi da birkin kamfani ba a yi shi dominta ba. Injin ma yakan rasa kuzari wajen tashi, shan mai ya ƙaru, kuloci da boris su riƙa gajiya kafin lokacinsu. A ganina, ga mai aikin gona ko kasuwanci, inci 32 zuwa 33 ya wadatar, kuma wanda ya nace sai 35 to ya shirya kuɗin canza haƙoran giyar aksul tun kafin ya biya kuɗin tayar. Ɗaga mota kuma ba ya tabbatar da cewa tayar ba za ta goga ba. Kafin a bar wurin mai faci, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a hau tudu da ƙafar motar ɗaya, a saurara, sannan a leƙa ƙarƙashin madgad a nemi wurin da roba ta goge fenti.

Mutane da dama suna zaɓen tayar laka, mai manyan haƙora, saboda kwarjininta. Tana da ranarta, musamman ga wanda ke shiga fadamar Rima wajen Wurno da Goronyo a tsakiyar damina, lokacin da taɓo ke cika zanen taya ya mai da ita sumul. Amma mafi yawan hanyoyinmu rairayi ne da marmara da kwalta, kuma a rairayi haƙoran nan tono suke yi har mota ta zauna a kan cikinta. Tayar kowace-hanya ta fi dacewa da mai irin wannan zirga-zirga. Abin da ke fitar da mota daga yashi shi ne rage iska zuwa wajen 18 ko 20 a geji domin tayar ta baje, sannan a mayar da ita da zarar an hau kwalta, domin gudu da taya mai ƙarancin iska a cikin zafin bazara yana daga cikin manyan dalilan fashewarta. Ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota ya fi kowane ado da za a saya wa irin wannan mota.

Ana kuma mantawa da lambar nauyi, wadda ke biye da lambar girma a gefen taya. Lamba 112 tana nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,120, lamba 121 kuma kilo 1,450, kuma wanda ke loda buhunan albasa ko shinkafa har saman bodi ya kamata ya nemi wadda ke da haruffan LT a gaban lambar girmanta, domin gefenta ya fi kauri. Shekarunta ma a rubuce suke: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefenta, misali 2319, suna nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta daɗe a ajiye tana bushewa ko da zanenta bai taɓu ba, kuma idan aka ga ƙananan tsaga a gefenta ko alamar an kankare lambar, a bar wa mai shago kayansa.

Wani abin da ke lalata mota a ɓoye shi ne haɗa tayoyi masu girma daban-daban, biyu sababbi manya a baya, biyu tsofaffi a gaba. Idan aka sa giyar ƙafa huɗu, gaba da baya suna son juyawa da gudu ɗaya, bambancin girman kuma yana ɗora wa akwatin da ke raba ƙarfin inji tsakanin gaba da baya wahalar da gyaranta ya fi kuɗin tayoyin. Wannan ya shafi safaya ita ma. A sayi biyar iri ɗaya, a gwada ko ta biyar tana shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi, a kuma tabbatar jak ɗin da ke cikin motar yana iya kaiwa, domin jak ɗin kamfani sau da yawa yakan ƙare tsawonsa kafin ƙafar motar da aka ɗaga ta bar ƙasa.