Sanyin Birtaniya ba hunturun Kano ba ne: kurakuran da sababbin zuwa suka fi yi

Hunturunmu busasshe ne, na ƙura da kaushi. Sanyin Birtaniya kuwa jiƙaƙƙe ne, domin iskar yamma ce ke kwaso danshi daga tekun Atlantika. Yawancin ɗalibai da sababbin zuwa a nan suke tuntuɓe, sai su tunkari sanyin can da dabarun gida.

Kuskuren farko shi ne yarda da rana. A watan Janairu, safiyar da gari ya washe tas ta fi kowace sanyi, don babu gajimaren da ya tare ɗumin ƙasa cikin dare. Ka duba hasashen Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, kafin ka fita, kuma ka lura da ƙarfin iska. Maki 5 a ma'aunin Celsius da iska mai ƙarfi ya fi maki 2 babu iska ratsa ƙashi.

Sai sutura. Mutum ya zura jibgegiyar riga guda a kan singiletin auduga, ya shiga jirgin ƙasa mai hita ya yi gumi, audugar ta riƙe gumin, yana fitowa sanyi ya kama shi. Hawa uku ake yi: ta ciki mai manne wa jiki wadda ba auduga ba, suwaita ta ulu, sannan ta waje mai hula wadda ruwa ba ya ratsa ta. Lema ba abin dogaro ba ce, iska na karya ta. Ruwan da ke sauka a Landan a shekara bai ma kai na Kano ba, sai dai yayyafi ne da ba shi da damina balle rani.

Ɓarnar da ta fi yawa a ɗaki take. A gida mun saba toshe taga saboda ƙura. A can idan ka toshe ko'ina, ka yi girki, ka shanya wanki a kan hita, tururin ba shi da mafita. Sai ya kwanta a gilashi da bango mai sanyi, baƙar fumfuna ta fito a bayan kabad, tari ya biyo baya, mai gida kuma ya zabtare kuɗin ajiyar da ka ba shi lokacin kama haya. Ka buɗe taga kamar minti 10 kowace safiya, ka goge raɓar gilashi, ka rufe tukunya in kana dafuwa, ka ɗan janye kabad daga bango, ɗumin ɗaki kuma kada ya gaza maki 18. Kaskon gawayi kam kada ya shiga ɗaki ko kusa: iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Tsawon yini ma na rikita mutane. Wajen 21 ga Disamba rana na fitowa a Landan bayan ƙarfe 8, ta faɗi kafin ƙarfe 4, Azahar da La'asar da Magariba duk su taru cikin lokacin aiki. Jadawalin salla na masallacin garinku za ka bi. Agogo na ƙara awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, ya koma baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Hukumar lafiya ta NHS na ba da shawarar shan maikirogiram 10 na bitamin D kullum a kaka da hunturu, masu duhun fata kuwa duk shekara.

Kada kuma ka bar kaftaninka marasa nauyi a gida. A 19 ga Yulin 2022 zafi ya kai maki 40.3 a garin Coningsby da ke Ingila, kuma yawancin gidajen can ba su da na'urar sanyaya ɗaki.