Yadda ake aikin rakiyar masu barin shaye-shaye, ga wanda shi ma ya taɓa sha

Kai da ka taɓa nutsewa cikin ƙwaya ko giya ka samu ka fito, yanzu cibiyar farfaɗo da mashaya ta ɗauke ka domin ka raka wanda ke ƙoƙarin fitowa. Wannan tunani ya daɗe. A kansa Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka kafa Alcoholics Anonymous, ƙungiyar taimakon juna ta masu barin giya, a garin Akron na jihar Ohio a 1935: mashayi ya fi sauraron wanda ya san daɗin abin da kuma azabarsa. Abin da ya sauya shi ne aikin ya zama sana'a mai horo da albashi. A Amurka, tun 2007 hukumar da ke kula da Medicaid, inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi, ta ba jihohi damar biyan kuɗinsa. Zan tsallake batun neman gurbin, domin ba a nan sababbi ke faɗuwa ba.

Da farko, ka tabbatar ƙafarka ta tsaya. Cibiyoyi da yawa na neman shekara 1 ko 2 da barin sha kafin su ɗauke ka. Ni dai biyu nake cewa. Wanda ya yi wata shida yana cikin zumuɗi, gani yake kowa zai iya tunda shi ya iya, kuma zumuɗin nan ne ke fara karyewa. Sai horo. Kwas ɗin ƙungiyar CCAR ta jihar Connecticut, wanda ya yi suna a wannan fanni, awa 30 ne. Amma kada ka zuba kuɗinka a kowane kwas kafin ka tambayi cibiyar da kake nufi wace takarda take karɓa. Wasu ma su ke ɗaukar nauyin horon.

Na biyu, a zaman farko ka kama bakinka. Kusan duk sabon da na gani yana shiga da labarinsa a baki, ya kwashe rabin sa'a yana zayyana yadda ya sha wahala, shi kuwa mutumin yana kallon ƙofa. Labarinka minti biyu ya isa: me ka sha, tun yaushe ka bari. Sauran lokacin nasa ne. Tambaye shi, "Me kake samu a cikin abin nan da ba ka samu a wani wuri?" Zai yi mamaki, don kowa illa yake lissafa masa. Wannan salon tambaya William Miller ne ya fara bayyana shi a 1983, kuma tushensa mai sauƙi ne: idan kai ka kawo hujjar bari, shi zai kawo hujjar ci gaba, idan daga bakinsa ta fito, ya fi riƙe ta. A wannan zaman kuma za ka gaya masa iyakar sirri, cewa abin da ya faɗa ba zai fita ba, sai fa idan ransa ko ran wani na cikin haɗari, da kuma abin da dole mai duba aikinka ya sani. Idan ka bari sai ranar da za ka kai rahoto, a wurinsa cin amana ne.

Na uku, tsarin nasa ne, da hannunsa zai rubuta. Abu biyu ko uku na mako guda, kamar zuwa asibiti ranar Talata, goge lambar dila, neman wurin kwana da ba a sha. Sau da yawa wurin kwana da abin yi sun fi nasiha amfani. Kuma hanyar da ta fisshe ka ba doka ba ce. Idan likita ya ɗora shi kan metadon ko bufrenofin, magungunan jinyar masu shan heroyin da danginsa, kada ka kuskura ka ce masa "ai ƙwaya ce ka musanya da ƙwaya". Magungunan nan an tabbatar suna rage mutuwa. Kai ba ka rubuta magani, ba ka soke shi.

Na huɗu, kada ka ba da rance, ko na mota. Ba soyayya, ba kwana a ɗakinka. Ka yanka lokacin da ake samunka a waya, ka ba shi lambar gaggawa ta sauran lokutan.

Na biyar, ranar da ya koma ruwa. A nan nake so ka tsaya, domin a nan na ga mutane masu kirki sun watse. Hukumar NIDA ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na masu jinyar shaye-shaye kan koma, don haka ka sa a ranka za ka ga wannan rana. Shirinta tun yana lafiya ake yi. Ka ce masa, "Idan ta faru, wa za ka kira? Me kake so in yi, me ba ka so in yi?" Sababbi na gudun wannan magana wai kada su jawo abin. Ba ta jawo komai. Rashin yinta ne ke sa ya kashe waya don kunya.

Ka kuma gaya masa gaskiyar jikinsa. Bayan makonni ba sha, jiki ya manta adadin da ya saba, ƙwayar da a da ba ta gaya masa komai yanzu tana iya tsayar da numfashinsa. Shi ya sa makonnin farko bayan fita daga kurkuku ko gidan jinya suka fi kisa ga masu shan heroyin, tiramadol, kodin da danginsu. Ka riƙa yawo da nalokson, maganin da ke karya ƙarfin waɗannan ƙwayoyi idan sun yi wa mutum yawa, ka koya wa mutanen gidansa amfani da shi. Alamun cewa ƙwaya ta yi masa yawa su ne ba ya farkawa, numfashi ya ja baya ko ya koma gurnani, ƙwayar ido ta tsuke, leɓe ya sauya launi. Ka kira motar asibiti, ka ba shi maganin, idan minti 2 zuwa 3 ba motsi ka ƙara, in ya fara numfashi ka kwantar da shi ta gefe. Kada ka tafi don ya buɗe ido, ƙarfin nalokson kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuwa tana nan a jini. Mai giya kuma akasin haka ne, haɗarinsa a bari yake. Wanda ya daɗe yana sha sosai, ko mai shan diyazefam, idan ya yanke lokaci ɗaya yana iya samun jijjiga irin ta farfaɗiya da ruɗewa cikin 'yan kwanaki. Wannan aikin likita ne, kada ka ce masa ya daure a ɗaki.

Idan ya dawo hayyacinsa, kalmarka ta farko ita ce "Na ji daɗi da ka kira ni." Ban da "bayan duk wahalar da na sha a kanka". Fuskarka ma ka kula da ita, don ita yake karantawa. Bayan kwana ɗaya ko biyu ku bi sawun abin a baya, ba daga ranar shan ba, daga mako guda kafin nan: yaushe barci ya lalace, da wa ya yi faɗa, yaushe ya daina zuwa taron masu farfaɗowa, wane kuɗi ya shigo hannunsa. A cikin amsoshin nan gyaran tsari yake. Sannan idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A ranar ka kira wanda ke riƙe da kai a taka farfaɗowar, ka faɗa masa ko da ƙwalama kaɗan ka ji.

Sauran a gurguje. Rubuta bayanin kowane zama a ranar, abin da aka yi da abin da aka tsayar, ban da ra'ayinka game da halinsa. Kada ka yi fashin zama da mai duba aikinka. Taron farfaɗowarka daban ne da aiki, kuma gara ya zama ba wanda mutanenka ke zuwa ba. Da ka ji wanda kake wa rakiya ya fara ambaton sunayen wasu da yake kira kafin kai, rage haɗuwar daga mako-mako zuwa sati biyu, ku sa ranar rufewa.