Yadda Za a Tsara Wasan Kwaikwayo kan Jirgin ’Yan Ƙaura

Malaman unguwannin Nima da Sabon Zango a Accra masu son ɗalibai su nuna zaman ’yan ƙaura a jirgin ruwa mai filafilai, daga Ingila zuwa Ostareliya wajen 1855, su fara da raba dandamali uku: samari a goshin jirgi, ma’aurata da yara a tsakiya, ’yan mata can baya a hannun uwargida mai tsaronsu. A auna gadon ma’aurata da alli, ƙafa 6 tsawo, 3 faɗi. Kada a ƙara ko taku ɗaya, ƙuncin shi ne labarin.

Likitan jirgi ke riƙe da doka. Tashi ƙarfe 7, a naɗe shimfiɗa, a share ƙasa kafin karin kumallo, abincin rana ƙarfe 1, kwanciya ƙarfe 10. Ana cin abinci rukuni-rukuni, mutum ɗaya ke karɓo rabon kowa: busasshen biskit, naman gishiri, wake, da ruwan sha kamar lita 3 da rabi a yini. A nan rigima take, don haka a daɗe a wurin. Ruwan lemun tsami na hana ciwon da ke kumbura dasashi.

Kada a ba ɗan wasa kyandir ko lofe a ƙasan jirgi. Jirgin katako ne da kwalta, an haramta. In hadari ya taso, a rufe ƙofofin sama, a rage haske. Tafiyar wata uku zuwa huɗu ce, ƙyanda da gudawa kuma yara suka fi ɗauka.