Yadda Za Ka Yanke Shawara Kan Sauya Windows Ɗin Kwamfutarka

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, bayan shekara goma da fitowarta. Duk da haka, wanda ya leƙa shagunan buga takardu na kusa da Jami'ar Bayero, ko ofisoshin makarantu masu zaman kansu, ko wuraren masu zanen katin biki a cikin birnin Kano, zai tarar da ita tana aiki kamar ba abin da ya faru, har ma zai ci karo da Windows 7 wadda aka janye wa tallafi tun 14 ga Janairu, 2020. Idan ka tambayi mai shago dalili, amsar ba ta wuce cewa kwamfutarsa tana yi masa aiki lafiya, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Ni ban ɗauki wannan amsa a matsayin jahilci ba. Mutumin da abincinsa ya dogara da wata tsohuwar firinta da kuma CorelDRAW ɗin da hannunsa ya saba da shi yana da hujjar tsoron duk abin da zai tsayar masa da aiki ko da na wuni guda ne. Kuma ba Kanawa kaɗai ke da wannan hali ba. Windows 11 ta fito a watan Oktoban 2021, amma bisa ƙididdigar kamfanin StatCounter sai a watan Yulin 2025 ta wuce Windows 10 a yawan masu amfani a duniya, wato kusan shekara huɗu mutane suna jan ƙafa. Haka aka yi da Windows XP, wadda mutane suka riƙe har bayan an rufe tallafinta a 2014. Saboda haka kada yawan waɗanda suka sauya ko waɗanda suka ƙi ya zama ma'auninka. Tambayar da ta shafe ka guda ce: shin kwamfutar da kake shiga intanet da ita tana ci gaba da samun gyaran tsaro, ko an bar ta a buɗe?

Dalilin da ya sa wannan tambaya ta fi kowace muhimmanci shi ne, masu kutse suna gano sababbin ramuka a cikin manhaja kullum, kamfani kuma yana toshe su ta hanyar sabuntawar da yake aikowa kowane wata. Ranar da aka daina aikowa, duk ramin da aka gano daga baya zai zauna a buɗe har abada. A watan Mayun 2017 mugunyar manhajar nan ta WannaCry ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe da yawa, har da na asibitocin gwamnati a Ingila, alhali Microsoft ya riga ya fitar da maganin ramin tun watan Maris. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda ba su sabunta ba. Mai shagon da ke karɓar filashin kwastomomi daga safe zuwa dare, yana kuma shiga asusun bankinsa da wannan kwamfutar, ya fi kowa zama cikin haɗari.

Matakin farko shi ne ka san abin da ke hannunka. Danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta winver, za ta nuna maka nau'in da kake amfani da shi. Daga nan sai ka shiga Settings, ka zaɓi System, sannan About, ka duba sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukan kwamfuta, da girman RAM, wato wurin da take riƙe ayyukan da ke gudana. Windows 11 tana buƙatar aƙalla RAM mai gigabait 4 da ma'ajiya mai gigabait 64, amma waɗannan ba su ne ke kayar da yawancin kwamfutocinmu ba. Abin da ke kayar da su shi ne shekarun furosesa da kuma wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0. A ɓangaren Intel ana buƙatar ƙarni na 8 zuwa sama, a ɓangaren AMD kuma Ryzen jerin 2000 zuwa sama. Gane ƙarnin ba shi da wuya: a cikin suna irin i5-6300U, lambar farko bayan ɗan layin ita ce ƙarnin, wato na 6, wanda bai cika sharaɗi ba, shi kuwa i5-8250U ƙarni na 8 ne, ya cika. Kada kalmar i7 ta ruɗe ka, domin i7 na ƙarni na 4 ba zai samu shiga ba, alhali i3 na ƙarni na 10 zai shiga.

Game da TPM, ka sake danna Windows da R, ka rubuta tpm.msc. Idan ta ce ba a same shi ba, kada ka yanke ƙauna nan take, domin sau da yawa yana nan a kashe ne a cikin BIOS, wato saitin asali na kwamfuta da ke tashi kafin Windows, inda Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Ana shiga BIOS yayin kunna kwamfuta, yawanci da F10 a HP, da F2 a Dell. Wanda bai saba ba gara ya kai wa mai gyara, domin taɓa abin da ba a sani ba a wurin yana iya hana kwamfutar tashi. Akwai kuma ƙaramar manhajar Microsoft mai suna PC Health Check wadda ke yin duk wannan bincike ta faɗa maka abin da ya rage.

Idan kwamfutarka ta cika sharuɗɗa kuma Windows 10 ɗinka mai lasisi ce, sauyawar kyauta ce, kuma ba na ganin dalilin jinkiri. Sai dai kafin ka taɓa komai, ka kwashe duk takardunka da hotunanka da ayyukan kwastomomi zuwa wata ma'ajiya ta waje, ka buɗe wasu daga cikinsu a can don ka tabbatar sun kwafu da gaske. Ka rubuta sunayen manhajojin da kake aiki da su da lambobin lasisinsu. Masu zane su tuna da salon haruffan da suka tara tsawon shekaru, domin rasa su yana lalata tsofaffin ayyuka idan aka buɗe. Sannan ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera firintarka da sikana ka duba ko akwai direbansu na Windows 11, wato ƙaramar manhajar da ke sa su aiki da kwamfuta. Wannan ne wurin da mutane suka fi yin kuka bayan sauyawa, kuma bincike na minti kaɗan yana hana shi.

Sai batun wuta da data, waɗanda jagororin da aka rubuta a ƙasashen waje ba sa kulawa da su. Fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5, kuma bayan an ɗora ta akwai ƙarin sabuntawa da za ta sauke, don haka ka tanadi data da ta fi wannan sosai, ko ka nemi inda ake da intanet mai ƙarfi. Kada ka fara aikin a kwamfutar tebur kana dogara da wutar layi kaɗai. Ɗaukewar wuta a tsakiyar ɗorawa tana iya barin kwamfutar ba tsohuwa ba sabuwa, saboda haka ka jona ta da inbata ko janareta mai isasshen mai. Mai laftof ya cika batirinsa kuma ya bar caja a jone. Hanya mafi sauƙi ita ce ta Windows Update a cikin Settings, wadda ke barin fayiloli da manhajoji a inda suke. Bayan an gama kana da kwana 10 da za ka iya komawa Windows 10 ta sashen Recovery idan wani abu ya ƙi aiki, don haka ka gwada firinta da duk manhajojinka a cikin waɗannan kwanaki, kada ka bari sai ranar da kwastoma ke tsaye a kanka. Ka kuma duba ko an kunna kulle ma'ajiya na BitLocker. Idan an kunna, ka adana lambobin buɗewa guda 48 a takarda, domin ba mai gyaran da zai iya ceto fayilolinka idan lambobin suka ɓace. Wanda bai ji daɗin ganin maɓallin Start a tsakiya ba yana iya mayar da shi hagu a cikin saitin Taskbar.

Matsala ta fi girma ga wanda kwamfutarsa ba ta cika sharuɗɗa ba, kuma a ganina su ne da yawa a cikinmu, tunda akasarin kwamfutocin da ake saya a Farm Centre da titin Beirut na hannu ne da aka shigo da su daga waje. Microsoft ya buɗe shirin ƙarin tsaro mai suna ESU ga masu Windows 10 nau'in 22H2, wanda aka tsara zai kai 13 ga Oktoba, 2026, ana shiga da dala 30 ko kuma kyauta ga wanda ya haɗa saitinsa da asusun Microsoft. Wannan jinkiri ne kawai da zai ba ka damar tara kuɗi. Masu gyara da yawa za su ce maka suna iya ɗora Windows 11 ta hanyar tsallake sharuɗɗan, kuma gaskiya ne tana hawa, amma Microsoft ya bayyana cewa bai lamunce wa irin wannan kwamfuta samun sabuntawa ba. Ban ba da shawarar haka ga kwamfutar da ake neman abinci da ita ba.

Ga ɗalibi ko malamin da aikinsa bai wuce rubutu da bincike a intanet da kallon darasi ba, Linux Mint ko Ubuntu, wato nau'o'in Linux da ake ɗorawa a madadin Windows, zaɓi ne na gaske. Kyauta ne, suna tafiya da sauƙi a tsofaffin kwamfutoci, kuma Ubuntu 24.04 tana da tallafin tsaro har zuwa 2029. Ana iya gwada su daga filashi ba tare da an goge komai ba. LibreOffice, manhajar ofis da ake amfani da ita a Linux, yana buɗe takardun Word da Excel, kodayake tsarin shafi yakan ɗan canja, su kuwa CorelDRAW da Photoshop ba a yi su don Linux ba. Saboda haka mai zane da ba shi da halin sayen wata kwamfutar yana da wata dabara: ya bar tsohuwar a kan aikin zane da bugawa kaɗai, ya cire ta daga intanet gaba ɗaya, ya riƙa shiga banki da imel ta wayarsa, ya kuma rage jona filashin da bai san inda ya fito ba.

Wanda ya yanke shawarar sayen wata kwamfutar ta hannu ya yi hattara sosai a wannan lokaci, domin kamfanonin Turai da Amurka da suka koma Windows 11 sun sallami tsofaffin na'urorinsu, kuma irin waɗannan kayan kasuwanninmu suke zuwa. Ganin Windows 11 a fuskar kwamfuta ba hujja ba ce, tunda ana iya ɗora ta da dabara. Ka buɗe About da hannunka a gaban mai sayarwa ka karanta lambar furosesa. HP EliteBook 840 G3 ƙarni na 6 ce, ita kuwa 840 G5 akasarinta ƙarni na 8 ce, kodayake akwai masu na 7 a cikinsu, shi ya sa lambar furosesar ta fi sunan kwamfutar abin dogaro. Ka nemi mai RAM gigabait 8 da ma'ajiya irin SSD, ka rubuta tpm.msc ka ga 2.0 da idonka, ka kuma duba sashen Activation don tabbatar da lasisin kafin ka biya kuɗi.