Yadda ake raba gardamar warkarwa a wasan Gloomhaven

Duk wanda ya taɓa zama majalisar shayi a Garwa ta ƙasar Kamaru ana buga Gloomhaven, wasan da ake yi da kati a kan allo, ya san inda murya take fara tashi. Jarumin wani yana da rai 3 cikin 8, dodo ya sa masa guba, sai abokinsa ya jefa katin warkarwa na 3. Mai jarumin ya miƙa hannu zai mayar da ransa 6, wani ya ce, "Haba Yaya, dakata, ba haka ba ne." Shayi ya huce, wasa ya tsaya.

Isaac Childres ne ya ƙirƙiro wasan, ya fito a 2017, kuma 'yan wasa haɗa kai suke yi su yaƙi dodanni. Babu alƙali a gefe, shi ya sa kowa ke jan doka wajen da za ta yi masa daɗi. Ga yadda muke bi.

Da farko a bar komai inda yake. Kada a taɓa alamar guba, kada a juya lissafin rai. A dara ma, da zarar an motsa ɗa, gardama ta zama biyu.

Sannan mutum ɗaya ya karanta katin da ƙarfi, kalma bayan kalma, kafin kowa ya fassara. Mu nan littafin Faransanci ne a hannun wasu, wasu na Ingilishi suka gani a waya, bayani kuma da Hausa da Fulatanci ake yi. Rabin rigimar a wajen fassara take haihuwa, wani ya ƙara "duka" inda babu ita.

Mataki na uku shi ne mai nauyi. Kada a tsaya a shafin warkarwa, a nemi inda aka yi bayanin guba da rauni, domin amsar tana can. Idan mai guba aka warkar, gubar ce kawai take tafiya, ransa ba ya ƙaruwa ko da ɗaya. Wato jaruminmu yana nan a 3. Idan rauni ne kaɗai, wanda ke cin rai 1 a farkon kowane zagayen mai shi, to raunin ya tafi kuma rai ya hau zuwa 6. Idan guba da rauni suka haɗu, duka biyun za su tafi, amma rai ba ya motsi. Kuma ko yaya warkarwa ta kai, ba ta wuce iyakar ran jarumin. Ni a ganina wannan doka ta guba tana da tsauri, sai dai ita ce ke sa mutum ya yi lissafi: a fara cire guba da ƙaramar warkarwa, a ajiye babbar sai bayanta. Dogon hutu ma, wato jarumi ya huta zagaye guda, da ke ba da warkarwa 2, a kan guba yake ƙarewa idan tana jiki.

A guji hujjar "ai a hankalce magani yana warkar da komai". Labarin wasan daban, rubutun doka daban.

Idan an duba littafi har yanzu ba a daidaita ba, a yanke hukuncin wucin gadi cikin minti biyu, a ci gaba. Mu mukan ɗauki fassarar da ta fi yi mana wuya, don kada nasara ta zo da ƙaiƙayi. Sharaɗi guda: abin da aka yanke wa jarumai shi za a yanke wa dodanni, domin su ma suna da masu warkar da su.

Bayan an tashi, wanda ke da data ya duba amsoshin da kamfanin Cephalofair, wanda ya fitar da wasan, ya wallafa a intanet. Abin da aka samu a rubuta shi da Hausa a 'yar takarda, da misalin 3 cikin 8 ɗin nan, a liƙa a cikin murfin kwalin.