Yadda Birnin Kebbi za ta sa sauyin yanayi cikin kasafin kuɗi

Da farko, a damƙa aikin ga sashen kuɗi, kada a bar wa masu kula da muhalli su kaɗai. Haka Oslo, babban birnin ƙasar Norway, ya yi tun 2017, domin mai riƙe da lalita shi ake saurare.

Sai shugaban ƙaramar hukuma ya tara shugabannin sassan ayyuka, noma da lafiya a zama ɗaya. Kowa ya kawo aiki guda: yashe magudanai kafin damina, dashen itatuwa, sola a asibitoci. A ganina maganin ambaliya ne kan gaba, ganin yadda ruwan 2020 ya cinye gonakin shinkafa.

A rubuta kuɗin kowane aiki da mai alhakinsa cikin kasafin shekara. Duk wata uku a sake zama, kowa ya faɗi inda ya kwana.