Yadda za ka haɗa hujjar gonarka tun kafin a kira maganar diyya

Mutanenmu da 'yan bindiga suka sa suka baro gonakinsu a ƙasar Maradun, Zurmi, Anka da Ɗansadau suka dawo Gusau da Mafara suna raɓe, maganarsu ɗaya ce: yaushe za a koma. Ni kuwa tambayar da nake yi musu daban ce. In gobe gwamnati ta ce kowa ya zo ya faɗi asararsa, me za ka ajiye gaban kwamiti ban da hawaye da rantsuwa? Tarihi na koyar a sakandare har na yi ritaya, kuma akwai labarin wasu mutanen Amurka da ya nuna yadda irin wannan zama yake kasancewa.

Lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, daga 1775 zuwa 1783, ba kowa ne ya juya wa Sarkin Ingila baya ba. Waɗanda suka tsaya gefensa, jihohi suka yi dokokin ƙwace musu gonaki da gidaje suka sayar. Jihar Niyok a dokarta ta 1779 har sunaye ta lissafa ɗaya bayan ɗaya. Da aka yi sulhu a Faris a 1783, abin da aka rubuta kawai shi ne majalisar Amurka za ta roƙi jihohi su mayar da dukiyar. Roƙo kuwa ba umarni ba ne, jihohin suka yi kunnen uwar shegu. Wajen mutum 60,000 suka bar ƙasar, mafi yawansu suka nufi yankin da yake Kanada a yau. Dole majalisar Ingila ta kafa kwamitin mutum biyar a wannan shekarar don ya saurari koke. Koke 3,225 aka shigar, na asarar da ta haura fam miliyan 10. Mutum 2,291 aka biya, kuɗin kuma bai wuce fam miliyan 3 da 'yan kai ba. Kashi ɗaya cikin uku ma bai cika ba. Kwamitin ba asarar mutum ya biya ba, abin da mutum ya iya tabbatarwa ya biya.

To ga abin da nake sa 'yan uwa su yi.

Ka samu littafi mai bango mai ƙarfi, ba fallen takarda ba, ka rubuta kowace gona daban. Sunan da ake kiranta, ƙauyen da take, da wanda ke maƙwabtaka da kai ta gabas, yamma, kudu da arewa. Ka rubuta alamar iyaka: kukar nan, gawon nan, burtali, bakin rafi. Sannan yadda ta shigo hannunka, gado ne, saye ne, kyauta ce, ko maigari ya yanka maka daji ka sare. Nan ne mutane ke ruɗa kansu. Gonar aro, ta haya da ta jingina ba taka ba ce, amfanin da ke cikinta ne naka, ka rubuta ta haka. Gandun da ba a raba gado ba kuma kada ka sa sunanka kai kaɗai, ka jera magada duka har da mata, don ranar da kuɗi ya fito ba baƙo zai fara musa maka ba, ɗan babanku ne. In ba ka iya boko ba, ajami ya isa, ko ka sa ɗanka ya rubuta kana faɗa.

Girman gona shi ne wurin da za ka fi shan tambaya. Yawancinmu ba da eka muke magana ba, cewa muke gonar dami ɗari ce. Ka rubuta hakan, amma ka ba shi ƙafa. Dami nawa na gero da dawa ka samu a daminar ƙarshe da ka noma lafiya, buhu nawa na wake, gyaɗa ko waken suya, tiya nawa ta iri kake shukawa, buhun taki nawa take ci, kwana nawa shanun huɗa ke yi cikinta. Wanda ya san noma in ya ji waɗannan zai ƙiyasta faɗinta. Akwai kuma shaidar da mutane ba su tunawa da ita: zakka. In dami goma ka fitar, liman da waɗanda suka karɓa sun san ɗari ka samu, ba wanda zai ce ka ƙara gishiri. In akwai yaro mai babbar waya, ku buɗe taswirar Google ku nemo gonar daga sama, ku ɗauki hotonta, ku je a buga a takarda. Kada wani ya jefa ransa cikin haɗari don zuwa aunawa.

Daga nan sai abin da ke kan ƙasar, wanda a dokarmu ya fi ƙasar kanta kawo kuɗi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye hannun gwamna a matsayin amana, kuma in gwamnati ta karɓi wuri don aikin jama'a, diyyar da take biya ta abin da ka zuba ce: gini, shuka, rijiya, aikin ban ruwa. Don haka ka ƙirga mangwaro, ɗorawa, gwaiba, dabino, ka rubuta nawa ne masu 'ya'ya, nawa ne ƙanana. Ka sa rumbuna, garma, amalanke, injin ban ruwa da tiyonsa, ɗakuna nawa na kwano, nawa na jinka. Wannan doka tana magana ne a kan filin da hukuma ta karɓa, ba wanda 'yan bindiga suka kore ka daga cikinsa ba. Diyyar na biyun sai in gwamnati ta ga dama ta ware, kamar yadda ta Ingila ta yi. Amma mu da muka tashi kusa da madatsar ruwa ta Bakolori mun san inda rikicin ƙiyasin gonaki da diyya yake kai wa, tunda a 1980 sai da aka zubar da jinin manoma a kansa.

Shaidu fa, su ne ginshiƙi. Kwamitin na Landan yakan shigar da mai koke shi kaɗai ya rantsar da shi ya tambaye shi, sannan ya kira shaidunsa daban a ɓoye, a gwama maganganun. Sun tura ma wani lauya, John Anstey, har Amurka ya duba takardun ƙwace da na sayarwa. Dokar da ta kafa kwamitin ta ce wanda aka kama da koken ƙarya ba ya samun ko sisi. Saboda haka wanda ya rasa shanu huɗu ya rubuta huɗu. Ka zaɓi dattawa biyu ko uku masu mutunci da ba su da rabo a cikin gonar, maƙwabtan iyaka sun fi, su sa hannu ko su dangwala yatsa, mai unguwa da maigari su tabbatar, in hali ya yi uban ƙasa ya buga hatimi. Ka naɗi muryarsu a waya suna faɗin iyakokin. Tsofaffin da suka san iyaka suna ta ƙarewa a gudun hijira, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga wani abu da maza ba su son ji. Cikin masu koken nan na Amurka akwai ɗaruruwan mata, da yawansu mazajensu sun mutu a yaƙin. Masu binciken takardun sun lura matan kan lissafa kayan ɗaki tsaf, amma da an tambaye su faɗin gona, takardar saye ko bashin da ke kan maigida, sai su yi shiru, don ba a taɓa gaya musu ba. Haka gidajenmu suke. Ka zaunar da uwargida da babban ɗanka ka karanta musu littafin nan, ka nuna musu inda kwafinsa yake. Kwafi ɗaya wurinka, ɗaya wurin ɗan uwa a wani gari, hotonsa kuma a waya.

Ka rubuta watan da ka baro ƙauye da dalilin barowa, shaidu su tabbatar. Wannan zai yi maka rana ko da diyya ba ta zo ba. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi akwai hukuncin hauzi: wanda ya ga bare yana noma gonarsa shekara goma, yana nan, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru, ba a sauraron ƙararsa daga baya. Wanda ba ya gari ko tsoro ya hana shi, yana da uzuri, sai dai alƙali zai so ya ji hujjar uzurin. In ka ba wani aron gonar kafin ka dawo, a rubuta cewa aro ne, gaban shaidu.

Sai batun wa'adi. Kwamitin na Landan ya rufe karɓar koke na farko ranar 25 ga Maris 1784, lokacin talakawan da aka sauke a Nova Scotia, cikin Kanada ta yau, suna fama da sanyi da neman wurin kwana, da yawa ba su ko ji labari ba. Sai daga baya aka ƙara wa'adi zuwa 1 ga Mayu 1786, aka tura biyu daga cikin 'yan kwamiti su saurare su a can. Manyan masu ƙasa da ke Landan kuwa tuni sun shigar da nasu ta hannun lauyoyi. Saboda haka 'yan ƙauye ɗaya su haɗa kai su naɗa mutum biyu masu sauraron rediyo da leƙa sakatariyar ƙaramar hukuma. Ranar shigar da takarda ka miƙa kwafi, ka riƙe ta asali, ka tsaya sai an buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu ya sa sunanka cikin jerin, ka tambaye shi rasit.